In mai bin ka bashi ya yarda da kashi 40, ka sauke nauyi ko ka ci haƙƙi?

Alhaji Ɗanladi, Manchester:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai wata ɗabi'a da ke yaɗuwa tsakanin 'yan uwanmu a nan Ingila, kuma tana damuna. Mutum ya ci bashin banki, ya kasa biya, ya shiga tsarin nan na biya a hankali da ake kira DMP, masu bin sa suka yi haƙuri har suka tsayar da kuɗin ruwa. Ranar da Allah ya kawo masa kuɗi a dunƙule, sai ya rubuta musu takarda wai su karɓi kashi 40 cikin ɗari su yafe sauran. Har koya wa juna ake yi. Ni a wurina wannan cin dukiyar mutane ne. Ka karɓi fam dubu goma, ka mayar da fam dubu goma. Manzon Allah (SAW) ya ce ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa.

Nura, Coventry:
Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe, ai ba ƙwace aka yi ba, tayi aka yi musu. Suna da ikon su ce albarka.

Alhaji Ɗanladi:
Nura, sun yarda ne don sun fid da rai. Yardar wanda ya gaji da bin ka ba yarda ba ce.

Maman Ilham, Bradford:
Baba Alhaji, da girmanka, bari in faɗi nawa, don ina cikin waɗanda kake magana a kansu. Aikin kula da tsofaffi nake yi. Da aka rage mana awoyin aiki, da katin bashi muka riƙa cefane da biyan wuta. Yanzu wurare huɗu ke bi na: kati fam 6,000, rancen banki fam 5,000, obadiraf (cirar kuɗi fiye da abin da ke cikin asusun banki) fam 2,000, sai wani kantin sayen kaya bashi fam 1,000. Jimla fam 14,000. Abin da ke saura a hannuna bayan haya da abinci fam 120 ne a wata, shi ake raba musu. Kusan shekara goma ke nan kafin in gama. Yayana ya sayar da fili a gida, ya ce zai ba ni fam 5,600 in zai fitar da ni daga wannan hali. Ba ni da wani abu bayan wannan. To in ce masa ya riƙe kuɗinsa, in ci gaba da kwana da bashi har yarana su girma?

Alhaji Ɗanladi:
'Yata, Allah ya yaye miki. Ki zuba musu 5,600 ɗin, ki ci gaba da biyan sauran. Zai rage miki kusan shekara huɗu.

Maman Ilham:
Sharaɗin Yaya shi ne a rufe maganar gaba ɗaya. Ba zai rabu da fili don in rage bashi in kuma zauna cikinsa ba.

Anti Ladi, Landan:
Ni ina aikin sa-kai a wata cibiyar ba da shawara kan bashi, don haka bari in yi bayanin yadda abin yake. DMP ba hukuncin kotu ba ne, fahimtar juna ce kawai. Ƙungiya irin su StepChange ko PayPlan za ta duba abin da ke shigo maka da abin da ke fita, ta raba ragowar ga masu bin ka, ba ta karɓar ko kwabo a hannunka. Masu bashin ba dole ba ne su tsayar da kuɗin ruwa, ko da yake da yawa suna yi. Kuma bashin da ba na gaggawa ba ne kaɗai ke shiga: kati, rance, obadiraf. Haya, harajin kansul (na ƙaramar hukuma), wuta da gas, tarar kotu, waɗannan su ake fara biya, don su ne ke iya raba mutum da gida ko su kai shi ga babbar matsala.

Alhaji, batun cewa an tilasta musu, gaskiya ba haka abin yake ba. Waɗannan kamfanoni lissafi suke yi. Kuɗi a hannu yau ya fi musu fam talatin ko arba'in a wata na shekara goma, daga mutumin da gobe zai iya rasa aiki ko ya yi rashin lafiya. Ƙari kuma, yawancin basussukan da suka daɗe ba sa hannun bankin farko. An sayar da su ga kamfanonin sayen bashi irin su Lowell, Cabot ko PRA, a kan farashi ƙasa da ainihin kuɗin sosai. Sau da yawa ma su da kansu ke turo takarda suna tayin ragi.

Baban Khalid, Leeds:
Yauwa Anti! Ai shi ke nan magana ta ƙare. Wanda ya saye bashinka a araha ba shi da haƙƙi a kanka, kuma rabin abin da suke nema riba ce. Ni shawarata Maman Ilham kada ki gaya musu 5,600 ne. Ki ce dubu uku kika samu, ki toshe bakin wanda ya fi damun ki da waya, sauran ki ajiye.

Malam Isiyaku, Birmingham:
Baban Khalid, tsaya. Abin da ka faɗa ɗin nan shi ne ainihin abin da Alhaji ke tsoro, kuma a nan yana da gaskiya. Yafiyar da aka samo da ƙarya ba ta sauke nauyi. Annabi (SAW) ya ce taurin bashin mai hali zalunci ne. Kuma kasancewar akwai riba a ciki bai mayar da uwar kuɗin ta zama taka ba. Ayar riba da kanta, a Baƙara aya ta 279, ta bar wa mai bashi uwar dukiyarsa.

Amma Alhaji, a kan asalin maganar ban tare da kai. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Ka'abu ɗan Malik ya nemi bashinsa wurin Ibn Abi Hadrad a cikin masallaci, har muryoyinsu suka ɗaga. Annabi (SAW) ya yaye labulen ɗakinsa, ya kira Ka'abu, ya yi masa nuni da hannu cewa ya sauke rabi. Ka'abu ya ce ya sauke. Sai Annabi ya ce wa ɗayan ya tashi ya biya. Rabi cif aka yafe, kuma wanda ya fi kowa tsoron haƙƙi ne ya nemi a yafe. Aya ta 280 kuma ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, in an yafe masa ya fi alheri.

Alhaji Ɗanladi:
Allah ya gafarta Malam, ni ma na ɗan zauna a zaure a Zariya. A Risala mun karanta cewa ba ya halatta a rage bashi don a gaggauta biyansa. Wannan ba shi ne "rage mini in biya ka yanzu" ba? A mazhabarmu ta Malikiyya haramun ne.

Malam Isiyaku:
Madalla da wannan tambaya, haka yake a Risala. Sai dai wancan hukuncin yana kan bashin da wa'adinsa bai zo ba. Ka bi ni dubu goma zuwa baɗi, in ce ka karɓi takwas yau. Shi ne malamai suka ga ya yi kama da riba, don an sayi lokaci da kuɗi. Bashin da wa'adinsa ya riga ya cika, mai shi yana da ikon ya karɓi wani ɓangare ya yafe sauran, kamar na Ka'abu. Tambayar ita ce, na Maman Ilham wanne ne? Anti Ladi ta fi ni sanin wannan ɓangaren.

Ko a kan wanda wa'adinsa bai zo ba, akwai saɓani. An ruwaito halaccinsa daga Ibn Abbas, Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim sun bi shi, kuma majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta halatta shi muddin ba a shardanta shi tun farkon yarjejeniya ba, kuma tsakanin mai bashi da wanda ake bi ne. Amma ban ga ma muna bukatar zuwa can ba.

Anti Ladi:
Malam, a ƙarƙashin dokar bashi ta 1974, in mutum ya daina biya yadda aka yi alkawari, sai a aiko masa da takardar gargaɗi a ba shi aƙalla kwana 14 ya gyara. In bai gyara ba, suna iya soke yarjejeniyar su nemi kuɗinsu duka nan take. Obadiraf kuwa dama ana iya neman sa a kowane lokaci. Shiga DMP bai ba ka wani sabon wa'adi da ya ɗaure su ba, haƙuri kawai suke yi.

Maman Ilham:
Dukkan huɗun sun aiko mini da waccan takardar tun tuni.

Malam Isiyaku:
To naki bashi ne da lokacinsa ya yi. Ki faɗa musu gaskiyar halinki, in sun yafe sun yafe.

Hajiya Binta, Glasgow:
Ni ba ta halal da haram nake ba, malamai sun yi magana. Damuwata daban ce. Maman Ilham, kuɗin nan kyauta ne ko rance? Ki tambayi yayanki ƙarara, a gaban shaida. Kamfani ba ya zuwa suna ko biki, ɗan uwa yana zuwa. Na ga gidajen da zumunci ya lalace saboda an fitar da mutum daga bashin banki an sa shi a na dangi. Na biyu, an ce wannan ragin yana ɓata wa mutum suna a kundin bashi, gobe ba zai samu rancen gida ba.

Maman Ilham:
Hajiya, kyauta ce, ya faɗa a gaban Inna. Amma zan sa ya rubuta.

Anti Ladi:
Hajiya, game da kundin da Experian, Equifax da TransUnion ke riƙewa: za a rubuta cewa wani ɓangare aka biya, ba duka ba, kuma mai ba da rance zai gani. Amma tambarin gaza biya, wato alamar da ake sa wa asusun wanda ya kasa biya, shekara shida yake yi daga ranar da aka buga shi, sannan asusun ya fita daga kundin, ko an biya duka, ko rabi. Wanda aka buga wa tun shekara uku da suka wuce, saura masa uku. Inda ake asara shi ne in ba a taɓa buga tambarin ba, don a nan shekara shidan daga ranar rufe asusu za ta fara. Ki duba kundinki kafin ki yi tayi.

Sai batun Baban Khalid na toshe bakin mai yawan waya. Kada ki yi. A raba daidai gwargwadon abin da kowa ke bi. Kashi 40 ne, don haka mai 6,000 ya samu 2,400, mai 5,000 ya samu 2,000, mai 2,000 ya samu 800, mai 1,000 ya samu 400. Kowa a nuna masa jerin duka, ya ga ba a fifita wani ba. In kika fifita ɗaya kuma daga baya abu ya kai ga karayar arziki a kotu, ana iya tono wannan fifikon.

Mafi muhimmanci, kada kwabo ya fita sai takardarsu ta zo, ta ce sun karɓi kaza a matsayin biyan ƙarshe, ba za su nemi sauran ba, ba za su sayar da shi ga wani ba. Alkawarin waya ba ya tsare ki. A dokar Ingila, biyan wani ɓangare shi kaɗai ba ya kashe bashi. A shari'ar Foakes da Beer ta 1884, wata mata ta amince a biya ta kashi-kashi, aka gama biya, ta dawo ta nemi kuɗin ruwa, kotun ƙoli ta lokacin ta ba ta gaskiya. Amma a 1911 an yi wata shari'ar inda uba ya aika wa masu bin ɗansa kuɗi ƙasa da bashin, da sharaɗin rufe magana, suka karɓa, sannan suka kai ƙarar ɗan kan sauran. Kotu ta kore su. Shi ya sa ya fi ƙarfi a ce yayanki ne ke biya, takardar ta ambaci haka, kuɗin kuma su fito ta hannunsa.

Baban Khalid:
Na ji batun ƙarya, na janye. Amma me ya sa za ta fara da 40? Ta fara da 25 mana, a yi ciniki.

Anti Ladi:
Za ta iya farawa ƙasa, ba laifi ba ne mutum ya ce ga abin da nake tayawa. Laifin shi ne a tambaye ta nawa ke akwai ta ɓoye. Da yawansu za su nemi takardar kuɗin shiga da na fita, wasu har da bayanin asusun banki.

Alhaji Ɗanladi:
Malam ya warware mini batun Risala, na karɓa. Halin 'yata Maman Ilham ma na gane shi. Amma ina nan a kan bakana game da masu hali, masu motoci biyu a ƙofar gida, da ke aika kuɗin gini Najeriya kowane wata sannan su rubuta wa banki cewa ba su da komai. Kuma ni da ni ne, in Allah ya buɗa mini daga baya, sai na nemi mutanen nan na cika musu.

Malam Isiyaku:
Na farkon muna tare ɗari bisa ɗari. Na biyun kyautatawa ce, wanda ya yi ya samu lada, amma ba za mu wajabta wa wanda aka yafe masa a kan gaskiya ba.

Maman Ilham:
Na gode muku duka. Anti, saura tambaya ɗaya. In biyu suka yarda biyu suka ƙi fa?

Anti Ladi:
Yakan faru. Ki fara sanar da ƙungiyar da ke riƙe da DMP ɗinki, kuma kada ki tsayar da fam 120 ɗin wata-wata yayin da ake jiran amsa. In wasu suka ƙi, ki nuna musu takardun waɗanda suka yarda, sau da yawa sukan sake tunani. In sun kafe, kason su ya zauna a hannun yayanki, kada a ƙara wa wani don ya fi tsawa. Ki biya waɗanda suka yarda, fam 120 ɗin ta koma kan biyun da suka rage, bayan wasu watanni ki sake taya musu. Amma tunda yayanki ya ce sai an rufe duka, ki yi masa wannan bayanin tun yanzu, kafin takardar farko ta fita.