KiCad ne kaɗai kyauta? Rigimar masu zana PCB (bodin da ake jera kayan lantarki a kai) kan manhajojin zane

Abba Sola: Wallahi na gaji. Yaro ya kawo min zanen bodin inverter da ya yi a manhajar Eagle, na ce masa masu ita, kamfanin Autodesk, sun sanar daga Yunin 2026 sun cire hannunsu a kai, wai shi abin da aka koya masa kenan. Ku koma KiCad jama'a, shi kaɗai ne kyauta tsakani da Allah, tun 1992 ake yinsa kuma har CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai, sun sa hannu a ciki.

Sani Rediyo: Shi kaɗai? To EasyEDA nawa ake biya oga?

Abba Sola: Wannan ai kyautar ɗan kasuwa ce Sani, so suke ka gama zane ka danna oda a JLCPCB, kamfaninsu mai buga bodi, kayan ma ka kwasa a LCSC, shagonsu na kayan lantarki.

Ummin Lab: Haba yaya Abba, ba wanda ya ɗaure ka, fitar da Gerber ɗinka, wato fayil ɗin da ake buga bodi da shi, ka kai inda ka ga dama. Kuma KiCad ɗin naka kusan giga guda za ka sauke, data kyauta ake rabawa a unguwarku?

Nura: Ni dai Proteus ne kyauta, a flash aka tura min, ga simuleshan, wato gwaji a kwamfuta, ka ga fitilar LED na ƙyaftawa tun kafin ka kunna ayon ɗin soda.

Malam Habu: Nura ka ji tsoron Allah, wannan sata sunanta, masu shi sayar da lasisi suke.

Nura: Allah gafarta malam, Windows ɗin da ke laptop ɗinka saya ka yi?

Malam Habu: Da ita na sayi na'urar.

Nura: A kasuwar Farm Centre? Hmm.

Sani Rediyo: Kai Nura ka daina raina manya, kuma har yau ba ka dawo min da mitana ba tun azumi.

Injiniya Bash: Ku yi ta faɗa kan kyauta, kamfanonin gaske Altium suke amfani da shi.

Ummin Lab: Injiniya turo mana bodi ɗaya da ka taɓa bugawa mu gani.

Sani Rediyo: To ni ne admin, bari in taƙaita. Kowa ya amince EasyEDA ya fi sauƙi kuma ba a biya, KiCad cin data gare shi, maganar Proteus kuma mun bar wa malamai.

Abba Sola: Waye kowa? Ku biyu ne fa, kai da Ummi.