Ɗiyar wana ta gama aji 6 amma ba ta iya karanta sunanta: in mayar da ita baya?

Telan Tudun Wada, Gusau

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma ku yi haƙuri zan ɗan ja zance.

Ni tela ne a nan Gusau. Wata 4 da suka wuce na ɗauko ɗiyar wana marigayi daga ƙauyenmu a ƙasar Maradun, saboda uwarta ta yi wani aure, garin kuma ba ya zaunuwa. Shekararta 13. Ta zo da kayanta a leda, a ciki har da takarda mai hatimi da sa hannu wai ta kammala aji 6 na firamare. Na ji daɗi, na ce to sai sakandare.

Na kai ta makarantar kuɗin da tawa ɗiyar take aji 4, suka ce sai an yi mata gwaji. Ba a yi minti 20 ba malamar ta fito ta ja ni gefe, ta ce yarinyar nan ba ta san baƙaƙe ba, in za su karɓe ta sai dai aji 2. Na ji haushi, na zaci neman kuɗi ne. Da dare na ɗauko littafin da nake rubuta awon mutane na miƙa mata. Lambobin ta gane su sarai, 15, 24, 42. Amma "wuya" da "hannu" da "tsawon riga" da ke gefensu, sai kallo. Tawa mai shekara 9 ta leƙo ta karance shafin tas, ba da wata manufa ba, yarinta kawai. Ɗiyar wana ta tashi ta shige ɗakin girki, ranar ko tuwo ba ta ci ba.

Abin da ke ci mini rai, makarantar da ta ba ta takardar nan ita na yi. A zamaninmu malamai 6 ne da hedimasta, kuma a can na koyi karatun da nake cin abinci da shi yau. Da na je ɗauko ta na leƙa: iska ta yaye kwanon aji biyu, awaki ne a ciki. Malami ɗaya ke zuwa daga gari in hanya ta yi lafiya, sai wani yaron ƙauyen da ya gama sakandare yana taimakawa, iyaye na haɗa masa ɗan hatsi.

Yanzu ga inda na tsaya. Makarantar kuɗin naira 28,000 ce kowane zango ban da littattafai, ni kuwa ɗinki sai da Sallah yake tsiyaya. Ko na matse na biya, budurwa mai shekara 13 za ta zauna benci ɗaya da 'yan shekara 7? Sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo za su karɓe ta gobe da takardar nan, ba mai tambaya. Maiɗakina kuma ta ce a bar wahala, a sa ta Islamiyya in koya mata ɗinki. Wanne za ku zaɓa in ku ne?

Sannan masu ilimi ku fahimtar da ni, don abin na hana ni barci: yara biyu, kakansu ɗaya, jiharsu ɗaya, yaya aka yi tazarar ta kai haka?

Tsohon Hedimasta, Talata Mafara

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan wanka, ya ba ka ladan riƙon marainiya.

Kada ka kai ta sakandare da takardar nan. Na faɗa maka ne don ni ma na sa hannu a irinta, Allah ya yafe muna. Shekara 35 na yi ina riƙe da alli. Yaro ba ya maimaita aji yanzu: in shekara ta zagayo a tura shi gaba, don ajin baya ya cika kuma ba wanda ke son a ce makarantarsa yara na faɗuwa. Uba ya zo ya ce a ba ɗansa takarda, kai ka san yaron bai iya ba, shi ma ya san ba laifin yaron ba ne. Sai ka buga hatimi. In ta shiga sakandare haka, za ta shekara 3 tana zana abin da ke allo kamar mai zanen lalle, ta fito da wata takardar.

Tambayarka ta biyu mai tsawo ce. Mutane za su ce maka 'yan bindiga, kuma gaskiya ne sun yi ɓarna. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata a Jangebe nan ƙasarmu, 279 aka dawo da su. Ranar 1 ga Satumba na wannan shekara aka sake ɗibar ɗalibai 73 a Kaya, can wajenku. Aka rufe makarantu watanni, aka yanke layukan waya, kasuwannin mako ma aka hana. Lissafa shekarun ɗiyar wanka a lokacin, za ka ga daidai shekarun da yaro ke kama karatu ne aka ɗauke mata.

Amma bango ya tsage tun kafin ƙadangare ya samu wurin shiga. A 2013, da aka fitar da makin shiga makarantun sakandaren gwamnatin tarayya, yaron Anambra sai ya ci 139, na Zamfara kuwa namiji 4, mace 2. A 2018 yara 28 kacal aka yi wa rajistar wannan jarrabawa a jihar nan baki ɗaya. Wace Jangebe aka yi a lokacin?

Ni a ganina ciwon yana wurin malami. Mu 'yan UPE ne, shirin firamare kyauta ga kowa na 1976, aka ɗebe mu aka kai kwalejin horon malamai, muka shekara da shekaru ana koya muna yadda ake koyar da ƙaramin yaro baƙi da wasali. An rushe waɗannan kwalejoji, aka ce mafi ƙarancin shaida NCE. Ba na raina NCE, 'ya'yana biyu a kwalejin ilimi ta Maru suka yi ta. Sai dai yanzu wanda ya rasa jami'a ne ke faɗawa can, in ya fito kuma ɗaukar aiki sai da takardar wani babba. Wanda aka ɗauka ɗin aka tura ƙauye, wata 2 ya nemo hanya an mayar da shi gari. Shi ya sa za ka ga makaranta cikin gari malamai sun yi yawa har ana raba aji da kwanaki, ta ƙauye kuwa suna 8 a takarda, mutum ɗaya a aji. Ina zargin malamin? Wanda albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, ka ce ya hau babur kullum kan hanyar da ake tare mutane.

Kuɗi kuma akwai su a doka. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole, ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Sharaɗin shi ne jiha ta ajiye nata kason daidai da na Abuja kafin ta ɗauka. Jihohi da yawa kan bar kuɗin nan jibge shekara da shekaru. In an ɗauko kuma, gini ake so, don gini ke da kwangila kuma shi ake ɗauka hoto. Ba a ɗaukar hoton yaron da ya iya karatu.

Ɗan Ƙaura Namoda

Baba Hedimasta, a yi mini afuwa in ƙara kan maganar maki 4 ɗin nan, don kullum da ita 'yan kudu ke yi mana gori a Facebook. Wa ke cin wannan rangwamen? Ɗiyar wan tela ko labarin jarrabawar ba ta taɓa ji ba. Wanda ke cinsa shi ne ɗan babban ma'aikacin da ya yi makarantar kuɗi a Abuja ko Kaduna, ya zo ƙaramar hukuma sau ɗaya a rayuwarsa ya karɓi takardar shaidar ɗan ƙasa. Haka yake a jami'o'in tarayya: kashi 45 cancanta, 35 'yan yankin jami'a, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimi, mu da Kebbi duk muna ciki. Sunan talakan ƙauye aka yi roƙo da shi, wani ya karɓi sadakar.

Ni ranar da na fara taɓa kwamfuta ita ce ranar jarrabawar shiga jami'a, don tun 2015 JAMB ta daina takarda da fensir. Minti 10 na farko neman inda zan danna nake, na kusa da ni har ya yi nisa. Na ci 168 cikin 400. Shekara ta biyu na biya wani mai shagon kwamfuta na yi sati 3 ina koyo, na samu shiga. Kaina bai canja ba tsakanin shekarun biyu.

Kuma kada a manta akwai shekarun da ɗaliban makarantun gwamnati a jihar nan suka zauna WAEC da NECO aka riƙe sakamakonsu saboda bashi. Sai bayan Gwamna Dauda Lawal ya hau, wanda ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Nuwamba 2023, aka biya aka sako. Ɗan makarantar kuɗi bai san an yi ba.

Tela, shawarata ka biya ko da zango 2 ne. Kunyar zama da yara ta fi sauƙi a shekara 13 da a shekara 30.

Mai Shayi a Tashar Magami

Ku dai bi a hankali da makarantun kuɗin nan. Ƙanena yana koyarwa a wata, naira 15,000 ake ba shi, shi kansa sakandare ya gama. Haddar waƙoƙin Turanci ce da rigar yaye ɗalibai. Wasu na da kyau, wasu shago ne kamar nawa.

Malama daga Argungu

Yayana tela, ba wanda ya tambaye ka abu ɗaya: yarinyar nan tana karatun allo? In tana iya bin Alƙur'ani da yatsa, to ta riga ta san sirrin karatu, wato baƙi ya haɗu da wasali ya ba da sauti. Tufafin baƙaƙen ne kawai za su canja mata.

Ni aji 3 nake koyarwa a makarantar gwamnati, yara 94 a rajista, kuma na sha karɓar irinta, musamman bayan abin da ya faru a Birnin Yawuri ranar 17 ga Yuni 2021, lokacin da iyaye da yawa suka janye 'ya'yansu daga makarantun kwana da na ƙauyuka. Kuskuren da ake yi shi ne a fara musu da Turanci. Yaro yana fama da baƙaƙe, yana kuma fama da harshen da bai taɓa ji a gida ba, kaya biyu a kai ɗaya. Fara da Hausa. Ba, bi, bu, kamar fatha da kasra da ruf'a, sannan be da bo. Daga nan baba, babu, biki. Awa ɗaya bayan La'asar, kullum, ban da Juma'a. Babbar yarinya ba ta ɗaukar lokacin ƙaramin yaro, na ga waɗanda suka fara karanta labari cikin wata 3.

Abu biyu zan roƙe ka. Kada ka sa ɗiyarka ta koya mata, kuma kada a yi karatun a gabanta. Wannan shigewa ɗakin girki da ka faɗa ita ta fi tsaya mini a rai. In ta sake jin kunya irin wannan sau biyu, da bakinta za ta ce ba ta son boko, kuma a shekarunta ka san maganar da dangi za su fara kawowa.

Maganar maiɗakinka ba ta ɓaci ba, kada ka yi mata kallon mai baƙin ciki. Islamiyya da ɗinki su tafi tare da karatun. Telan da bai iya rubuta awo ba ai kai ka fi ni sanin yadda yake ƙarewa da kayan mutane. Bayan zango ɗaya ka koma makarantar ka ce a sake gwada ta, ka nemi aji 4 ko 5. Kuma kafin ka biya ko kwabo, je ka zauna ajin na rabin awa ka ga ko yaran na karantawa ne ko rerawa.

Telan Tudun Wada, Gusau

Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Hedimasta, na karanta naka sau biyu.

Malama, wallahi ban taɓa tunanin tambayarta ba, ga kunya. Jiya bayan Isha'i na ce ta ɗauko Alƙur'ani. Izu 14 gare ta a ka, kuma duk inda na buɗe mata sai ta bi, har ta gyara mini wani maddi da na shekara 20 ina ja ba daidai ba. Na ba ta takardar da nake yanka samfurin riga da allin tela, ta rubuta sunanta da na babanta da ajami, hannu mai kyau. Na rubuta mata "ba" da boko kusa da ba mai fatha, ta dube ni ta ce, "Baffa, dama shi ke nan?"

Mun shirya za ta riƙa zuwa shago bayan La'asar, lokacin tawa tana Islamiyya, ita kuma ta koma ajin safe na Islamiyyar. Zan ajiye naira 2,000 duk mako a wurin mai adashi zuwa zango mai zuwa. Abin da ya rage, na zagaya tsohuwar kasuwa yau duk littattafan koyon karatun da na gani na Turanci ne. In akwai wanda ke da tsohon na Hausa na aji 1 a nan Gusau, ko ya yage ina so, zan aiko yaron shago ya karɓa.