Karɓar ɗan tayin wasu: riƙo ne ko gauraya nasaba?

Mai buɗe muhawara: Ana cewa in ma'aurata sun gama IVF, wato haɗa ƙwan mace da maniyyi a ɗakin gwaji a dasa a mahaifa, sun bar ragowar 'yan tayi a daskare, ba wa wasu marasa haihuwa su tamkar riƙon maraya ne, sai dai an fara shi tun daga ciki. Masana, haka ne?

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Ta fuskar aiki, sauƙinsa ke jan mutane. Ana daskarar da ɗan tayi a kwana na 5 da haɗa ƙwai da maniyyi, cikin ruwan naitirojin mai sanyin 196 ƙasa da sifili, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na rayuwa bayan narkarwa. Mai karɓa ba ruwanta da alluran da ke sa jiki ya nuna ƙwai da yawa. Maganin sinadarin mata na estirojin take sha kamar mako 2 har shimfiɗar mahaifa ta kai kauri milimita 7 ko fiye, a ɗora mata firojestaron, sinadarin riƙe ciki, kwana 5, a dasa, a gwada jini bayan kamar kwana 10 a ga ko ciki ya shiga. Shekarun mai ƙwan ke yanke yawan nasara, shi ya sa ake son 'yar ƙasa da 35.

Likitan mata: Hajiya, kin faɗi sauƙin, a faɗi wahalar. Cikin da ba da ƙwan mace kanta ba ya fi jawo hawan jini da jijjiga, balle in ta haura 40. A irin wannan shiri jikinta ba ya samar da firojestaron da kansa da farko, don haka in ta yanke magani kafin mako 10 zuwa 12, ɓari na iya biyo baya. Sai gwajin masu bayarwa: ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da sikila. In masu bayarwa duk AS ne, kowane ɗan tayi yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. Kuma a daina roƙon a dasa biyu ko uku; tagwaye sau da yawa bakwaini suke zuwa.

Malamin fiƙihu: Allah ya saka wa likitoci. Kwatancen ne ban yarda da shi ba. Maraya an san ubansa, da sunansa ake kiransa kamar yadda aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta umarta. Wannan kuwa za a rubuta shi ɗan mijin da ba daga tsatsonsa ya fito ba, ya ci gado, watakila ya girma ya auri ƙanwarsa ta jini ba wanda ya sani. Sheikh Jadul Haƙƙ na Masar ya halatta IVF a 1980 da sharaɗin ƙwan mata, maniyyin mijinta, aure na nan. Majalisar fiƙihu ta Makka ta taɓa yarda kishiya ta ɗauki cikin a 1984, ta janye a 1985. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta haramta shigar mutum na uku a zamanta na Amman, 1986.

Lauya: Malam, Allah ya gafarta, ba duniyar Musulmi ce duka ta rufe ƙofar ba. Iran ta yi doka a 2003: ma'aurata na halal su ba ma'aurata, da izinin kotu. Matsalar ɓoye asali kuma tana da magani. A Ingila tun 2005 wanda aka haifa ta wannan hanya yana da ikon sanin masu bayarwa in ya cika 18.

Malamin fiƙihu: Wancan ijtihadin wasu malaman Shi'a ne, kuma dokar tasu ma ba ta warware zancen gado ba. Sanin suna a shekara 18 ba ya gyara nasabar da aka jingina ga wani tun ranar suna. Mai son ɗa a gida ya ɗauki jariri riƙo, matar ta shayar da shi kafin ya cika shekara 2 ya zama muharrami. A mazhabar Malikiyya ko sau ɗaya nono ya isa cikinsa ya wadatar. A yi masa wasiyya har sulusin dukiya.

Likitan mata: Ana iya tsayar da nono ga wadda ba ta haihu ba, da magani da tatsa sau 8 a rana na makonni. Sannan kafin a ce ma miji ba shi da iri, a yi masa aikin binciken maraina da madubin likita: kusan rabin irin waɗannan mazan ana samun 'yan ƙwayoyi, a cusa ɗaya cikin ƙwan matarsa kai tsaye. Ma'aurata su nemi wannan gwajin kafin su sa hannu a kowace takarda.