Baba yana gidan jinya bayan aikin ƙugu: wa zai biya daga kwana na 21?

Maman Hanifa, Bronx

Assalamu alaikum jama'a. Mahaifinmu ne ya zame a banɗaki ƙugunsa ya karye, shekarunsa 74. An yi masa aiki, daga asibiti aka wuce da shi gidan jinyar tsofaffi don a yi masa gashi ya koyi tafiya. Alhamdulillahi ya fara takawa da keken dogarawa. Yana da Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnatin Amurka, don ya daɗe yana tuƙin tasi a garin nan na New York yana biyan haraji. A asibiti an ce mana Medicare zai biya masa kwana 100 a gidan jinyar. Jiya kuma matar ofishin kuɗi ta ce daga kwana na 21 aljihunsa ne zai fara magana, ta miƙo min takardu in sa hannu. Ban sa ba tukuna. Baba ba shi da komai sai ɗan fanshonsa, abin da ya tara ya tura Maraɗi ana gini. Ga yayyena a gida suna ta kira wai na kai uba gidan tsofaffi. Don Allah wanda ya san kan abin ya fahimtar da ni.

Abu Sadik

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Duk su biyun gaskiya suka faɗa miki, rabi-rabi. Medicare na biyan kwana 20 na farko gaba ɗaya. Daga 21 zuwa 100 majinyaci na biyan wani kaso kullum, a 2025 dala 209.50 ne. In ya cinye kwana 80 ɗin, kin ga a lissafin 2025 dala 16,760 ke nan. Bayan kwana 100 ba sa ba da ko sisi.

Amma fara tambayar asibitin wannan: an kwantar da shi a rubuce kwana 3 a jere? Galibi sai da haka Medicare ke biyan gidan jinya. Ranar sallama ba ta cikin lissafi. Akwai wanda zai kwana a gadon asibiti amma a takarda an ce ana sa masa ido ne kawai, wannan kwanan ba ya shiga. Tunda aiki aka yi masa da wuya ya zama haka, duk da haka ki tabbatar. Sannan duba katinsa. In na gwamnati ne mai ja da fari da shuɗi, lissafin nan ne. In kuwa Medicare Advantage ne na kamfanin inshora, su ke da nasu tsarin, kuma sai da izininsu ake ƙara kwana.

Hajiya Ta Harlem

'Yata, kin yi dabara da ba ki sa hannu ba. Dokar tarayya ta hana gidan jinya ya ce sai wani ya tsaya lamunin biya da kuɗinsa kafin a karɓi majinyaci ko a bar shi ya zauna. Sai dai sukan cusa maganar cikin takardun da ba wanda ke karantawa. Baba hankalinsa ƙalau, shi ya sa hannu da kansa. In dole sai ke, rubuta cewa a madadinsa kika sa.

Na yi jinyar maigidana a irin wurin nan bayan shanyewar ɓarin jiki, abin da ya ƙona min rai shi ne kwana 100 ɗin nan ba alkawari ba ne. Rana tsaka suka kawo takarda wai za a tsayar da biya saboda ba ya ƙara samun sauƙi. Ana kawo irinta aƙalla kwana 2 kafin a yanke, akwai lambar waya a jiki ta ɗaukaka ƙara, kyauta ne, amma sai kin kira kafin sha biyun ranar da ke gabanin ranar yankewa. Na kira. Kuma tun 2013, bayan wata ƙara da aka kai hukumar Medicare kotu, wadda ake kira shari'ar Jimmo, an bayyana cewa rashin ci gaba kaɗai ba hujja ba ne, matuƙar yana buƙatar ƙwararru don kada jikin ya koma baya.

Su yayyenki kuwa, ce musu su zo su ɗauke shi zuwa banɗaki da ƙarfe ukun dare a bene hawa na huɗu. Abinci dai ki riƙa kai masa na gida, don nasu ba gishiri ba yaji, tsoho sai ya daina ci.

Ɗan Katsina

Ni a ganina ki mayar da shi gida Maraɗi kawai. Da kuɗin kwana ɗaya a nan za a biya mai kula da shi wata guda, ga dangi, ga masallaci a ƙofar gida.

Abu Sadik

Malam, Medicare ba ya bin mutum Nijar, kuma wanda aka yi wa aikin ƙugu kwanan nan ba a ɗora shi a doguwar tafiyar jirgi sai likita ya yarda. Ya miƙe tukuna, sannan a yi wannan shawara da shi kansa.

Maman Hanifa, mafitarki Medicaid ce, wani tallafin lafiya na gwamnati daban da Medicare, ita ke cike kason nan ga mai ƙaramin ƙarfi. Ki nemi jami'ar walwala ta gidan ta buɗe masa fayil yanzu, kada ki jira takardar bashi. Kuɗin ginin Maraɗi ne zai so ya ba ku aiki. Idan zaman ya zama na dogon lokaci, 'yan Medicaid suna bin bayanan banki na wata 60 baya, abin da aka kyautar kuma yana jawo a jinkirta biya. Gidan da sunan Baba yake, ko da sunan yayyenki? Amsar tana canza lissafi, saboda haka ki ga lauyan harkar tsofaffi kafin ki cike komai, kuma kada a ɓoye. In ya koma gida, a jihar New York akwai shirin CDPAP da ke biyan ɗa ko 'ya su kula da iyayensu.

Maman Hanifa, Bronx

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, katin mai ja da fari da shuɗi ne. Hajiya, takardun suna jakata, gobe zan kai wa Baba mu karanta tare. Takardar filin kuwa da sunan babban yayanmu aka yi ta, yanzu na tura masa saƙo ya ɗauko min hotonta.