Tsoffin sunaye a takardun 'yan asalin Amurka: a gyara ne ko a bar su?

Ɗalibar Tarihi:
Salam 'yan uwa. Ina ɗan aiki a laburaren wata jami'a a nan Amurka, muna sikanin tsoffin hotuna da takardun 'yan asalin ƙasar muna ɗorawa a intanet. To kusan kowane hoto da rubutun Bature a bayansa, wani ya sa wa mace "squaw" (kalmar raini ga matan 'yan asalin ƙasar), wani ya rubuta sunan ƙabila Sioux kawai ba sunan mutum ba komai, ga manhajar da ke karanta rubutun ita ma tana ƙara nata shirmen. In gyara in wuce ko ya ake yi?

Tsohon Ma'aikaci:
Wa alaikis salam. Shirmen manhaja ki gyara kai tsaye, wannan ba tarihi ba ne. Amma abin da mutum ya rubuta da hannunsa a 1890 kar ki taɓa, ki kwafe shi yadda yake ki nuna maganarsa ce, gyaranki ya tafi cikin bayanin katalog, ki sa ranar da aka gyara da dalili. Kuma ki yi hattara da Sioux ɗin nan, kar ki bi ki mayar da duka Lakota, reshe ɗaya ne kawai na Sioux, akwai Dakota ma a ciki, garin gyaran gira sai a rasa ido.

Maman Biyu:
Baba na yarda amma ba duka ba. Jikar matar nan ta buɗe shafin abu na farko da za ta gani zagin kakarta a kanun hoto? Haba. Gwamnatin Amurka kanta ta ayyana kalmar a matsayin cin mutunci a 2021 lokacin Deb Haaland tana ministar cikin gida, a 2022 aka canza sunan wurare kusan 650 masu ɗauke da ita. A sauke ta daga kanu, a sa gargaɗi.

Tsohon Ma'aikaci:
A sauke daga kanu ba laifi 'yata, amma injin bincike ya ci gaba da ganinta, don mai nema da tsohon suna yake zuwa. Yaran 'yan asalin ƙasar da aka kai makarantar kwana ta Carlisle daga 1879 zuwa 1918 da yawa an canza musu suna, dangi da sunan rajistar nan kaɗai za su gano su.

Ɗan Kwamfuta:
Duk kun manta masu abin ai. Dubi waƙoƙin ƙabilar Passamaquoddy da wani mai bincike Fewkes ya ɗauka a 1890, da laburaren majalisar dokokin Amurka ya mayar wa mutanen sautin su ne suka saurara suka fassara suka cike bayanin, har aka liƙa alamar da ke cewa nasu ne kuma ba na kasuwanci ba. Manhajar Mukurtu ma don irin wannan aka yi ta, bayanin laburare na nan na al'umma na gefensa, kuma suna iya rufe hoton ibada ko na mamaci. Ki tambayi oganku ko kuna da hulɗa da ofishin al'adu na ƙabilar, kafin nan ki buɗe fayil ki riƙa tara waɗanda kike shakka.