Waɗanne fodkas kuke saurara kan kasuwanci, zuba jari da fasaha?

Mai Shagon Waya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da waya da kayan gyaranta a Farm Centre, Kano. Hannuna kullum yana kan aiki, kunnena ne a sake, shi ya sa na koma sauraron fodkas, wato shirye-shiryen murya na intanet, ga shi ba ya cin data kamar bidiyo. Wanda na fi daɗewa da shi shi ne How I Built This na Guy Raz, da aka fara a 2016. Yakan zaunar da masu kamfani su ba da labarin yadda suka faro. Hirarsa da Sara Blakely, matar da ta kafa kamfanin kayan sawa na ciki na mata, Spanx, da dala 5,000 bayan ta sha yawon tallar na'urar faks ta aika takardu ƙofa-ƙofa, har yau tana raina. Sai dai labaran sun fara zame mini iri ɗaya: an sha wuya, an dace, an yi kuɗi. Ni wanda zai buɗe mini lissafi nake nema, in ji ta ina riba take shigowa, me ya sa wani kamfani ya tsaya wani ya durƙushe. Don Allah ban da masu cewa zuba dubu goma ka kwashi dubu ɗari. Mun ga abin da MMM ta yi wa mutane a 2016.

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam. Malam, Acquired kake nema. Ben Gilbert da David Rosenthal suke yin sa tun 2015, kamfani ɗaya su kama su yi masa filla-filla, awa uku ko huɗu. Fara da na Costco. Kantin nan na Amurka kaya kusan kala 4,000 kawai yake ajiyewa, ba ya ɗora fiye da kashi 14 cikin ɗari a kan kayan wasu kamfanoni, mafi yawan ribarsa kuma daga kuɗin katin zama mamba take fitowa. Abin da ya fi kama ni: kaya suna fita da sauri har sau da yawa ya sayar kafin lokacin biyan mai kaya ya yi. Duk wanda ya taɓa karɓar dila bashi a kasuwa ya san darajar wannan. Tunda waya ce sana'arka, ka bi da na TSMC da Nvidia, ka ji inda ƙwaƙwalwar na'urori take fitowa.

Maman Khairat:
Ban ƙi ta Ɗan Kwari ba, amma waɗancan mutane ba su san ɗauke wuta ko faɗuwar naira ba. Yaya, ka haɗa da na nahiyarmu. The Flip na Justin Norman yana hira da masu kafa kamfanonin fasaha a Afirka. Afrobility kuma salon Acquired ne, sai dai kamfanoninmu yake tattaunawa, irin su Jumia da Safaricom mai M-Pesa, hanyar tura kuɗi ta waya da ta fara aiki a Kenya a 2007.

Abu ɗaya nake jan hankali a kai. Shirye-shiryen zuba jari na Turawa sun ɗauki kuɗin ruwa abin yau da kullum. Ka ɗauki yadda suke auna lafiyar kamfani, sauran ka kai wa malamai da masana sukuk, wato takardun zuba jari na Musulunci marasa kuɗin ruwa. Gwamnatin Tarayya ta fitar da nata na farko, na naira biliyan 100, a 2017.

Injiniya:
Planet Money na gidan rediyon NPR na Amurka, kan tattalin arziki yake, gajere ne, bai cika wuce rabin awa ba. A 2013 sun bi riga ɗaya tun daga gonar auduga a Amurka, zuwa masaƙar zare a Indonesiya, zuwa ɗinki a Bangladesh. Labarin fasaha na mako kuwa, Hard Fork. Idan Turancin ya yi maka gudu, rage saurin muryar a manhajar.

Mai Shagon Waya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na Costco zan sauke yau da dare lokacin da data take araha, domin jinkirin fitar kaya shi ne yake cinye mini jari. Hajiya, maganarki ta kuɗin ruwa ta shiga. In akwai wanda ya san irin waɗannan da Hausa, ya taimaka ya ajiye sunan a nan, yaran shagona ma suna so su saurara.