Dan Allah a taimaka, an goge min bidiyon bikin mutane a disk dir

MaiKamara_Garwa:

Salamu alaikum jama'a. Wlh tun jiya ban runtsa ba. Ni sana'ata ɗaukan bidiyon biki da suna a nan Garwa, sati biyu da suka wuce na ɗauki wani biki a Fulɓere tun daga kamu har kai amarya, kwana huɗu ina bin su, na kwashe komai daga katin kamara na zuba a disk dir (hard disk) ɗina na waje mai tera 1, katin kuma na yi masa forma, wato na share komai a ciki, saboda akwai wani aiki a gaba. To jiya na tafi sallar la'asar na bar laftof a shago, ƙanina ya zo zai zuba fina-finai sai disk ya ce babu wuri, shi ne ya ga wani folda mai nauyi wajen giga 60 ya share shi don ya samu fili. Na duba Corbeille, kwandon sharar kwamfuta, wayam. Wai kwamfutar ta tambaye shi wani abu da faransanci shi kuma ya danna Oui, wato eh. Kuma ya riga ya zuba finafinan nasa kusan giga 15 kafin in dawo. Hajiya uwar amarya ta biya rabin kuɗi, kullum sai ta kira. Akwai yadda za a yi ko dai in fara neman kuɗin da zan mayar?

Dan_Domayo:

Wslm. Kai abu mai sauƙi, shiga cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta chkdsk da harafin disk ɗin, ni haka na yi da kile ɗina (filash na USB) da ya ƙi buɗewa kuma komai ya dawo.

Gyara_Gaundare:

Ɗan uwa dan girman Allah kar ka yi chkdsk ɗin nan. Dan_Domayo ka yi haƙuri, naka ciwon daban ne, kile ɗinka buɗewa ya ƙi yi, shi kuwa nasa gogewa aka yi. Chkdsk gyaran tsarin disk yake, rubutu yake a ciki, kuma rubutu shi ne abin da muke gudu yanzu.

Fara da zare disk ɗin daga laftof ka saka a aljihunka, kar ka bar shi a shago inda yaron nan zai sake gani. Finafinan da ya zuba ma kar ka goge su, bar komai yadda yake.

Abin da ke faruwa in an goge fayil kamar rumfa ce a kasuwa. An je wurin sarkin kasuwa an soke sunan mai rumfa a littafi an ce ba mai ita, amma kaya suna ciki ba wanda ya taɓa, sai ranar da aka ba wani rumfar ya watsar da su ya jera nasa. Disk ɗinka in NTFS ne, wato tsarin ajiyar fayil na Windows, littafin sunansa MFT. Bidiyonka suna nan kwance, sai dai waɗanda giga 15 ɗin nan suka hau kansu, waɗannan kam sai haƙuri, babu manhajar da ke dawo da abin da aka rubuta wani a kansa ko nawa ka biya. Tambayar da ya danna wa Oui kuma, Windows ce ke gaya masa foldan ya fi ƙarfin Corbeille za ta goge shi gaba ɗaya, shi ya sa ba ka same shi a can ba.

Ka nemo wani disk ɗin daban mai fili, ko aro ne, domin abin da aka ceto ba a mayar da shi cikin disk ɗin da ake ceto daga gare shi, in ka yi haka kana ciro ɗaya kana binne wani. Manhajar ma a laftof za ka saka ta. Ni Recuva nake fara gwadawa, kyauta ce, ta mutanen da suka yi CCleaner ce. Za ta nuna maka fayilolin da sunayensu da ɗigon launi, kore lafiya, ruwan lemo ya taɓu, ja an hau kansa. Kwashi koren tukuna. In ba ta ga komai ba sai ka kunna bincike mai zurfi ka bar ta, zai ɗau awoyi. Bayanta akwai PhotoRec, ita da TestDisk wani Bafaranshe Christophe Grenier ne ya yi su, su ma kyauta. Amma ita ba ruwanta da littafin, bin disk ɗin take kaf tana tsinto duk abin da ya yi kama da bidiyo, sunaye ba sa dawowa sai wasu lambobi masu farawa da f, za ka sha zaman buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Kuma a harkar bidiyo tana da rauni, domin disk ɗin da ya kusa cika irin naka ba ya ajiye babban fayil wuri guda, gutsuttsura shi yake nan da can, PhotoRec sai ta kamo kai ta bar jela. Shi ya sa na ce ka fara da mai karanta MFT, nan ne aka rubuta inda kowane gutsure yake.

Waɗannan manhajojin da ake talla a YouTube kuwa yawancinsu sai sun gama nuna maka bidiyonka ranka ya yi fari sannan su ce kawo kuɗi.

Mai_Sauda_Kusseri:

Duk abin da malamin Gaundare ya faɗa haka yake. Ƙari na kawai, ka saurari disk ɗin da kunnenka, in yana ƙas ƙas ƙas ko yana katsewa yana dawowa to ka kashe shi, wannan ba aikin manhaja ba ne kuma kar ka bari wani mai gyaran waya ya kwance shi a kan tebur, ƙura ɗaya ta isa ta kashe farantin da ke juyawa a ciki, wanda a kansa ake rubuta komai. Sannan zafin Garwa ba sai an gaya maka ba, bincike na awa biyar shida disk zai yi zafi kamar kaskon masa, ka kunna masa fanka kuma ka tabbata batirin laftof na riƙe caji saboda ɗaukewar wuta. Ka gode Allah ma mai faranti ne, da SSD ne, wato disk maras faranti, akwai wani abu TRIM da ke share wurin da kansa bayan an goge, sau da yawa ba a samun komai.

Maman_Biyu_Injamena:

Allah sarki ƙanina, Allah ya fitar da kai. Ni ban san kan kwamfuta ba amma na aurar da 'ya. Kar ka yi ta ɓoye wa Hajiya kana ce mata gobe jibi, je ka same ta har gida ka gaya mata, faɗan yau ya fi na wata mai zuwa sauƙi. Kuma ƙawayen amarya babu wadda ba ta ɗauka a wayarta ba, ka roƙe su tun kafin su goge, amma ka je da laftof ka kwafa da kebul, in suka turo ta WhatsApp hoton zai dushe.

MaiKamara_Garwa:

Jama'a Allah ya saka da alheri. Na ari disk wurin abokina na yi da Recuva, cikin bidiyo 41 guda 29 sun dawo lafiya lau, kamu da ɗaurin aure duk suna nan alhamdulillah. 7 ja ne. Sauran 5 sun dawo da nauyinsu daidai amma ko pileyar bidiyo ta VLC ta ƙi buɗe su, kuma a cikinsu kai amarya yake, wanda Hajiya ta fi nanatawa. Yaya Maman_Biyu na je na same ta, ta yi faɗa sosai amma ta ba ni sati ɗaya.

Gyara_Gaundare:

Masha Allah. Biyar ɗin nan kar ka zubar da su. Fayil ɗin MP4 yana da wani ɗan sashe da ake kira moov, shi ke gaya wa pileya inda kowane hoto da sauti suke, kamarori da yawa a ƙarshen fayil suke rubuta shi, in shi kaɗai ya lalace bidiyon na nan amma ba mai iya karanta shi. Akwai wata 'yar manhaja kyauta untrunc, kana ba ta lafiyayyen bidiyo ɗaya da aka ɗauka da kamarar nan da saiti iri ɗaya, cikin 29 ɗin ka zaɓi na daren, sai ta duba shi ta sake gina wa maras lafiyar. Ba alkawari na yi ba, in fim ɗin ƙaninka ya hau tsakiya za ka ga hoto ya tsaya ko ya farfashe a wurin. Ka yi gwajin a kan kwafi.

Af, katin kamarar fa? Tunda ka yi masa forma aiki nawa ka ɗauka a kai? In bai cika ba ka daina amfani da shi, ka tura ɗan makullin gefensa zuwa Lock ka bi shi da PhotoRec, kai amarya shi ne ƙarshen abin da ka ɗauka, ta yiwu sabon aikin bai kai wurinsa ba. Giga nawa ne katin?